Manoman Jamus da Majami'ar Lutheran ta Ƙauyen Altenburg: Wa Ya Gina Ta?

Tambaya: Malam, ni ɗan ikilisiyar Lutheran ne daga Adamawa, ina karatu a makarantar tauhidi. Wani abokina da ke Amurka ya turo mini hoton wata babbar majami'ar dutse a tsakiyar gonaki, a ƙauyen da ake kira Altenburg. Ya ce manoma Jamusawa ne suka kafa ta, kuma mutanen ƙauyen ba su kai 400 ba. Me ya raba su da ƙasarsu? Wa ya gina musu majami'a irin wannan? Kuma shin mu da su abu ɗaya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai ƙarshen labarin ya ba ka. Majami'ar da ka gani ita ce Trinity ta Altenburg, a gundumar Perry ta jihar Missouri, kusa da kogin Mississippi, kimanin kilomita 150 kudu da birnin St. Louis. An gama ginin a 1867, amma ikilisiyar ta fara tun 1839. Babu mishan da ta gina musu, babu gwamnati, babu bishop. Su da kansu suka haƙo dutse, suka jawo shi da keken shanu da na dawakai, suka haɗa kuɗi. Kuma rashin bishop ɗin nan ba tsautsayi ba ne. Da bishop suka taso daga Jamus, abin da ya faru tsakaninsu da shi ne ya mayar da ikilisiyar hannun manoma.

Mu fara da dalilin tashinsu, domin a nan ɗalibai suka fi cakuɗa abu biyu. A 1817 Sarkin Purusiya, ɗaya daga cikin masarautun Jamus, Friedrich Wilhelm na III, ya umarci 'yan Lutheran da 'yan Reformed (masu bin koyarwar Calvin) na ƙasarsa su haɗu su zama ikilisiya ɗaya. Waɗanda suka ƙi sun sha tara, an ɗaure wasu fastocinsu, daga cikinsu ne aka sami waɗanda suka yi ƙaura zuwa kudancin Ostireliya da jihohin New York da Wisconsin. Mutanen Altenburg ba su ba ne. Daga Saksoni, wata masarautar Jamus daban, da ƙananan masarautun da ke kewaye da ita suka fito, inda ba a yi wannan haɗin dole ba. Kukansu daban ne. Ikilisiyar Saksoni ta gwamnati ce, hukuma ke naɗa fasto, kuma da yawa daga cikin fastocin zamanin sun taso cikin koyarwar da ke auna komai da hankalin ɗan Adam. Mutum zai je sujada yana neman a yi masa wa'azin zunubi da alheri, sai ya ji lacca a kan kyawun hali. An sauya littattafan waƙoƙi da na koyar da yara. Ga wanda ya riƙe koyarwar Luther da gaske, wannan yunwa ce.

Wanda ya tara masu wannan yunwar shi ne Martin Stephan, faston majami'ar St. John a birnin Dresden tun 1810. A yi masa adalci, mai wa'azi ne na gaske, kuma ya iya kwantar da hankalin wanda lamirinsa ya hana shi barci. Wani ɗalibin tauhidi mai suna C. F. W. Walther ya taɓa shiga irin wannan hali, har ya fid da rai ga samun ceto, wasiƙar Stephan ce ta tsamo shi. Lauyoyi da 'yan kasuwa da matasan fastoci suka kewaye Stephan. Amma tun a Dresden akwai alamu. Yana yin taron dare da mabiyansa a bayan gari, 'yan sanda suna bibiyarsa, ana ƙorafi a kan kuɗi da mata, har aka dakatar da shi daga aiki a ƙarshen 1837. Mabiyansa suka ɗauki wannan duka a matsayin tsanani saboda bishara. Sannu a hankali koyarwarsa ta koma cewa ikilisiya ta gaskiya ta ƙare a Jamus, mai son ransa ya tsira sai ya bi shi. Wasu sun bar mata, wasu sun bar mazaje, shi kansa ya bar matarsa da 'ya'yansa, ɗa guda kaɗai ya tafi da shi.

A Nuwamban 1838 jiragen ruwa biyar suka tashi daga tashar Bremerhaven da mutum wajen 700: Copernicus, Johann Georg, Republik, Olbers da Amalia. Amalia, mafi ƙanƙanta, ta ɓace a teku da mutum fiye da 50, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Sauran huɗun suka isa New Orleans, daga nan aka hau jiragen kogi zuwa St. Louis. Tun suna kan teku, a Janairun 1839, aka naɗa Stephan bishop a cikin Olbers. A Fabrairu kuma, suna kan kogi, aka kawo takardar alkawarin yi masa biyayya, ba cikin al'amuran ruhaniya kaɗai ba, har da na duniya, mutane suka sa hannu. Dukiyarsu ma sun zuba ta a asusu ɗaya wanda kusan shi ke juya shi.

Da kuɗin asusun aka sayi fili eka 4,475, wato kimanin hekta 1,800, a kan dala dubu tara da 'yan kai, inda rafin Brazeau ke shiga Mississippi. Ƙasa ce mai tuddai da kurmi, kuma akwai filayen da suka fi ta kyau a wasu wuraren. A nan zan gyara wa abokinka magana ɗaya. Yawancinsu ba manoma ba ne a lokacin da suka iso. Akwai manoma a cikinsu, amma masu sana'ar hannu sun fi yawa: masaƙa, teloli, masu ɗinkin takalma, kafintoci, sai malamai da ɗaliban tauhidi da ma'aikatan ofis. Masaƙin da bai taɓa riƙe gatari ba aka ce ya sare kurmi. Ga shi kuma an kashe kuɗi mai yawa a kan littattafai da kayan sujada da tufafin bishop, kuma aikin da aka sa a gaba ba ɗakunan kwanan jama'a ba ne. Noma dole ce ta koya musu.

Ranar 5 ga Mayun 1839, yayin da Stephan ke Perry, Fasto Gotthold Heinrich Löber ya yi wa waɗanda suka rage a St. Louis wa'azi mai ratsa zuciya. Bayan sujada wasu mata suka same shi, kowacce daban, suka furta cewa bishop ya yi lalata da su. Fastocin suka aika Walther zuwa Perry, shekarunsa 27 a lokacin. Kafin watan ya ƙare jama'a sun taru, an tuhumi Stephan da lalata da ɓarnatar da dukiya da koyarwar ƙarya, aka tsige shi ranar 30 ga Mayu. Washegari aka sa shi a kwalekwale aka ƙetarar da shi zuwa jihar Illinois. Can ya rasu a 1846 yana faston wata ƙaramar ikilisiya kusa da garin Red Bud, kuma har ya mutu bai amsa laifin ba. Ni dai ban ga dalilin wanke shi ba, amma tun da kai ɗalibin tauhidi ne, lura da abu biyu da littattafan bikin cika shekara suka fi son tsallakewa. Ba a yi masa shari'ar da za a kira shari'a ba. Sannan abin da aka faɗa wa fasto a asirce cikin furta zunubi ne aka fitar fili. Fastocin da suka kore shi kuwa su ne suka naɗa shi watanni huɗu da suka wuce, kuma da wuya a ce ba su taɓa jin ƙorafin Dresden ba.

Korar bishop ba ta kawo sauƙi ba. Asusu ya kusa ƙarewa, mutane na kwana a rumfuna, zafin bazarar Missouri ya zo da zazzaɓi, ana ta binne yara da manya. Aka raba filin, aka kafa ƙauyuka da sunayen gida: Altenburg, Dresden, Frohna, Seelitz, Wittenberg, Johannisberg, sai Paitzdorf ta wani ayarin da ya iso a ƙarshen shekarar, wadda yanzu ake kira Uniontown. Löber ne ya zama faston Altenburg.

Amma abin da ya fi yunwa cin su shi ne tambayar da ta taso a kowane gida. Idan mutumin da ya ce mana ikilisiya tana tare da shi maƙaryaci ne, to mu mene ne? Ikilisiya ce mu, ko tarin 'yan tawayen da suka gudu daga ikilisiyarsu? Fastocin nan sun bar garkensu a Jamus ba da izinin kowa ba, to wa ya kira su? Baftismar da suka yi wa 'ya'yanmu ta yi? Jibin Ubangiji da suke ba mu na gaske ne? Kada ka ɗauka gardamar malamai ce kawai. Uwar da ta binne jaririnta makon jiya tana son ta san ko baftismarsa ta karɓu. Wasu suka daina zuwa sujada. Wasu fastoci suka tsaya gaban jama'a suka furta laifinsu, har da masu ajiye aiki. Carl Eduard Vehse, masanin shari'a da tarihi, ya rubuta wa fastocin takarda mai zafi, ya tara maganganun Luther da ke nuna cewa dukan masu bi firistoci ne, kuma jama'a na da ikon auna koyarwar fasto. Ba su saurare shi ba, ya koma Jamus a ƙarshen 1839. Surukinsa, lauya Franz Adolph Marbach, ya wuce nan. Ya ce babu wata ikilisiya a Perry, abin da ya rage kawai shi ne kowa ya tuba a tattara a koma gida.

Walther ya yi doguwar jinya a wannan tsakanin, ya yi amfani da ita wajen karanta Luther da tsofaffin malaman Lutheran. A Afrilun 1841 aka shirya muhawara a Altenburg tsakaninsa da Marbach, a gaban jama'a, cikin ɗakin makaranta na gungumen itace. Walther ya kawo batutuwa takwas. Gindinsu shi ne abin da ka sani a sashe na bakwai na Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530, takardar da ta tsara koyarwar Lutheran: ikilisiya tana nan duk inda ake wa'azin bishara ake kuma ba da baftisma da jibi bisa ga kalmar Kristi. Ya ce ko taron da kuskure ya shiga cikinsa, muddin kalmar Allah da baftisma suna nan, akwai masu bi na gaskiya a ciki, kuma saboda su taron na da ikon ikilisiya: ya kira fasto, ya karɓi jibi, ya gyara kuskurensa. Wato ba sai sun koma Jamus ba, kuma ba sai da bishop ba. Jama'a suka gamsu. Marbach ya koma Jamus a shekarar, yawancin mutane suka zauna. Ka lura cewa rabin hujjar Walther ta Vehse ce, mutumin da fastocin suka ƙi saurara shekara ɗaya da rabi kafin nan.

Daga nan tsarin da ya gina majami'ar hotonka ya fito. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mutanen nan ba su sake ba wa limami ɗaya makullin komai ba. Iko ya koma taron magidanta masu ƙuri'a. Su ke kiran fasto, su ke yanke albashinsa, su ke riƙe da takardar fili da asusu, su ke ɗaukar malamin makaranta. Fasto na da wa'azi da baftisma da jibi, kuma idan ya faɗi abin da kalmar Allah ta ce dole a ji, amma ba shi da ikon sa doka a kan abin da Littafi Mai Tsarki bai yi umarni ba. Su ma ba su da ikon korarsa don sun gaji da shi, sai da dalili: koyarwar ƙarya, ko mugun hali, ko watsi da aiki. Da aka kafa majalisar ikilisiyoyinsu a Chicago a Afrilun 1847, wadda yau ake kira Missouri Synod, Walther ne shugabanta na farko, kuma aka rubuta cewa majalisar mai ba da shawara ce ga kowace ikilisiya, ba mai mulkinta ba. Mata kuwa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai da majalisar ta amince a 1969.

Ra'ayina, tsarin ya yi maganin ciwon da aka yi shi dominsa, amma ya zo da nasa. Manomin da ya san majami'a tasa ce zai ba da dutse da itace da kwanakin aikinsa ba tare da an roƙe shi ba. Shi ne kuma zai iya riƙe albashin fasto shekara da shekaru bai ƙara ko sisi ba. Idan gardama ta tashi kuma, babu babba a sama da zai tsawatar. Altenburg ta ɗanɗana wannan. Bayan rasuwar Löber a 1849 aka kira Fasto Georg Albert Schieferdecker, sai rikici ya tashi a kan fassarar shekara dubu da ke Ru'ya ta Yohanna sura 20. A 1857 majalisa ta fitar da shi, wani ɓangare na jama'a ya bi shi suka kafa ikilisiyar Immanuel. Shi ya sa ƙauyen da bai kai mutum 400 ba yake da majami'un Lutheran biyu.

Abu ɗaya da ya kamata ka riƙe game da mutanen nan shi ne makaranta. Tun ana cikin zazzaɓin 1839, wasu matasa uku da suka gama karatun tauhidi, Brohm da Fürbringer da Bünger, tare da Walther, suka sare itatuwa suka gina ɗaki guda a ƙauyen Dresden na Perry. Aka buɗe shi ranar 9 ga Disamba da ɗalibai 11, maza bakwai mata huɗu, ana koyar da Latin da Girkanci da Ibrananci da lissafi. Daga baya aka mayar da makarantar Altenburg, a 1849 kuma ta koma St. Louis, ita ce makarantar tauhidi ta Concordia ta yau. Ɗakin yana nan a Altenburg ana ziyartarsa. Ban da wannan, kowace ikilisiya na da makarantar firamare tata, inda yaro ke koyon karatu da Jamusanci, ya haddace ƙaramin katakizim na Luther da waƙoƙi, kafin a tabbatar da shi cikakken ɗan ikilisiya yana ɗan shekara 13 ko 14, galibi ranar Lahadin da ke zuwa kafin Ista. Majami'arsu ta farko ta dutse, ta 1845, da ta yi musu kaɗan ba su rushe ta ba, makaranta suka mayar da ita. Yanzu tana cikin gidan tarihin ƙauyen.

Zuwa 1867 'ya'yan masaƙan nan sun zama manoman alkama da masara, masu kiwon aladu da shanu, ga kogi kusa da ake tura amfanin gona zuwa kasuwa. Sabbin baƙi daga Jamus da Ostiriya sun ƙaru. Lokacin ne suka iya gina babbar majami'ar. Idan abokinka ya shiga ciki, ya ɗaga kai zai ga wurin wa'azi a bisa bagadi, salon da aka saba da shi a Saksoni da maƙwabtanta. A irin waɗannan ikilisiyoyi maza na zama gefe ɗaya mata gefe ɗaya. Mai son cin jibi sai ya je gidan fasto kafin Lahadi ya ba da sunansa, ta haka fasto ke sanin halin kowane gida. Wani ɓangare na albashin fasto da malami itacen wuta ne da hatsi da nama. Fasto kuma na rubuta kowace baftisma da aure da mutuwa a littafi, sau da yawa har da sunan ƙauyen da mutum ya fito a Jamus. Waɗannan littattafan da rubutun taron magidanta su ne ainihin kayan aikin mai binciken tarihin irin wannan majami'a, sun fi duk wani ɗan littafin biki faɗin gaskiya.

Jamusanci ya riƙe su kusan shekara 80 ba wanda ya taɓa shi, sai da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917. Nan take harshen ya zama abin zargi. A shekarar majalisar ta cire kalmar da ke nuna ta Jamusawa ce daga sunanta, daga baya kuma jihohi da dama suka kafa dokar hana koyar da yara da baƙon harshe. A 1920 aka gurfanar da Robert Meyer, malamin makarantar wata ikilisiyar Lutheran ta karkara kusa da Hampton a jihar Nebraska, saboda ya koya wa yaro ɗan shekara 10 labarin Littafi Mai Tsarki da Jamusanci. Aka ci shi tarar dala 25, ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya a 1923. Sun ci shari'a, amma harshen bai farfaɗo ba. Aka fara sujadar Turanci jefi-jefi, sannan aka raba Lahadi tsakanin harsunan biyu, daga baya Jamusanci ya koma na tsofaffi. Ƙauyukan Perry, da yake a lungu suke, sun daɗe da shi fiye da yawancin wurare.

Injin noma ya yi nasa aikin shi ma. Gonar da a da take ciyar da gidaje da yawa yanzu mutum ɗaya ke noma ta, matasa sun tafi birni, ikilisiyoyin karkara da dama a Amurka sun koma biyu ko uku suna raba fasto ɗaya. Wittenberg, tashar da suka fara sauka, ambaliyar Mississippi ta yi ta cinta har garin ya watse, majami'arsa ta rufe. Dresden da Seelitz tun farko suka narke cikin Altenburg. Trinity da Immanuel da Concordia ta Frohna suna nan suna sujada.

Saura tambayarka ta ƙarshe. A tushe ɗaya kuke, katakizim ɗaya, Shaidar Augsburg ɗaya, amma ba ta hanya ɗaya bishara ta iso muku ba. Taku ta Adamawa daga Denmak ta zo, ta hannun Dokta Niels Brønnum wanda ya isa Numan a 1913 ƙarƙashin reshen Denmak na mishan ɗin Sudan United Mission (SUM). Wadda ke da alaƙa kai tsaye da zuriyar Altenburg ita ce ɗaya ikilisiyar Lutheran ta Nijeriya, mai hedkwata a Obot Idim kusa da Uyo. Mutanen Ibesikpo ne suka nemi a aiko musu malamai, aka turo Dokta Henry Nau a 1936 daga ƙungiyar majalisun da Missouri Synod ke ciki. A waje ma zama daban ne. Taku tana cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda Akbishop Musa Panti Filibus ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Missouri Synod ba ta taɓa shiga wannan tarayya ba, ba ta naɗa mata fastoci, kuma a ƙa'idarta ba ta ba da jibi sai ga 'yan ikilisiyoyin da ta yarda koyarwarsu ɗaya ce da tata. Don haka idan abokinka zai yi sujada a Altenburg, gara ya ga fasto tukuna kafin ya matsa gaban bagadi.